Iya Ba Ta Ɗaukar Yara

Wata safiya ina yanka kuɓewa a tsakar gida, rediyo na kan taga yana ta surutunsa, sai na ji ana labarin wata ƙasa mai nisa inda a da ake kwashe 'ya'yan 'yan asalin ƙasar daga hannun iyayensu a kai su makarantun kwana, su girma a can ba uwa ba uba. Aka ce yanzu an ware musu rana ana tunawa da su. Waɗanda suka rayu har suka tsufa a kan zaunar da su a gaba, a saurari abin da suka gani, a ba su haƙuri. Na ajiye wuƙar. Na ce a raina, to su dai sun samu. Tawa tsohuwar tana kwance a maƙabarta nan Ibadan, ba wanda ya ba ta haƙuri, kuma har yau a unguwarmu ta Sabo akwai gidajen da in an ambace ta sai an yi a'uziyya.

Kakata ce ta wajen uba. Iya muke ce mata. Doguwa ce siririya, mai tsabtar da har takan ba mutum haushi. Kofinta da kwanonta daban suke, a rataye a ƙusa, kuma ba ta cin abinci da kowa. Jan sabulu take wanke hannu da shi har gwiwar hannu, in ta shimfiɗa gado sai ka ji kunyar zama a kai. Tana iya karatun boko, abin da a cikin sa'o'inta mata babu mai shi. A damtsenta na hagu akwai wani tabo fari-fari da muka ɗauka ƙunar girki ce. Kakanmu, mai fataucin goro, shi ya auro ta daga Arewa, ya ce marainiya ce, magana ta ƙare a nan.

Abu ɗaya ne kowa ya san ta da shi: Iya ba ta taɓa yaro. Ba ta ɗauka, ba ta goyo, ba ta ko shafa kai. In yaro ya nufo ta da gudu sai ta ja da baya ta mayar da hannuwanta biyu bayanta ta harɗe su. Daga nan sai ta tsaya tana kallonsa, kallo na natsuwa, daga goshi har yatsun ƙafa.

Babana shi kaɗai ta haifa. Ko nononta bai sha ba. Ana yanke cibiya ta ce ba ta da ruwan nono, aka miƙa shi ga ƙanwar kakanmu da ke goyo a lokacin, can ya tashi a ɗaki na gaba. Mutanen Sabo kuwa suka yi ta yabonta. Kunyar ɗan fari ce, in ji su, irin ta mutanen da, wadda 'yan matan yanzu ba su san ta ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa, ko ciwo yake sai dai ta tsaya bakin ƙofa. Har misali ake yi da ita wa amare. Shekara da shekaru tana cin wannan yabo, ba ta ce musu uffan ba.

Da muka zo duniya, mu jikoki, sai yabon ya fara tsami. Ai ba a kunyar jika. Kakannin ƙawayena suna tsokanarsu, su ja musu kunne, su kira namiji mai gida su ce bai kawo cefane ba, su kwana da su a gado ɗaya. Tamu kuwa sai dai ta soya mana gyaɗa ta zuba a faranti ta ajiye a ƙasa, ta ture shi da ƙafa zuwa wajenmu. Ni da nake da baki tun ina ƙarama, na taɓa ce mata, "Iya, mu karnuka ne?" Ta yi murmushi ta ce, "Ci abinki, uwar tsiwa." Na ci, amma raina bai so ba.

Kallon ne ya jawo mata. Ba mu kaɗai take yi wa ba, har 'ya'yan maƙwabta. In ana yi wa yaro wanka a tsakar gida da hantsi, sai ka ga Iya ta bar abin da take yi ta zo ta tsaya daga nesa, hannu a baya, tana bin jikinsa da ido, wani lokaci har ta ce, "Juya shi in ga bayan." Tana yi tana wani ɗan gunguni a maƙogwaro, waƙar da ba mu san irinta ba. To tsohuwar da ba a san danginta ba, ba ta ci da kowa, ba ta taɓa yaro amma tana ƙure shi da ido tana gunguni, wane suna kake zaton unguwa za ta ba ta? Tun ana raɗa har aka daina. Iyaye mata suka fara janye 'ya'yansu in ta fito. Mu dai an ce mun tsira, tunda Baba bai sha nononta ba, maita kuma ta nono ake sha.

Ina aji uku ko huɗu a firamare ɗan maƙwabciyarmu ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, yana ta fizge-fizge yana sambatu. Aka ce a cikin sambatun ya ambaci Iya. Yaron da kullum yake gidanmu cin gyaɗa, wa zai ambata? Da la'asar sai ga uwarsa ta shigo da shi a kafaɗa, mata na biye da ita, har da wata Bayarabiya mai sayar da amala a bakin layinmu da ba a gayyace ta ba. Baba yana Kasuwar Shasha wajen lodi. Uwar ta shimfiɗe yaron a ƙasa ta ce, "Iya, don Allah don Annabi ki sakar min ɗa. Ban zo faɗa ba. Ki tsallake shi kawai, mu tafi."

Mamata ta fito tana rantsuwa tana cewa sai dai a bi ta kanta. Mai amala tana ta cewa, "Oya mana, Mama, ki tsallake, abi kina so ya mutu?" Ni ina maƙale a jikin randa ina jira Iya ta zage su, ko ta ɗauko taɓarya. Ko ɗaya ba ta yi ba. Ta dubi yaron, irin kallon nan nata. Sannan ta tattare zanenta da hannu biyu, ta ɗage shi sosai don kada ko gefensa ya shafi jikinsa, ta tsallake shi, ta sake dawowa, ta sake tsallakewa kamar yadda suka ce. Da ta gama ta ce wa uwar, "Yanzu ki kai shi asibiti a yi masa allura. Zazzaɓin sauro ne." Ta shige ɗaki ta saki labule.

An kai shi, an yi allurar, ya warke. Amma a Sabo ba allura ce ta warkar da shi ba, tsallakewar ce, kuma wadda ta yarda ta tsallaka ai ta amsa laifinta. Baba ya dawo ya yi ta faɗa har muryarsa ta dishe, ya ce sai ya kai ƙara wajen mai unguwa. Malaminsu na zawiyya ya zo ya ba shi baki. Iya kuwa da ya tsaya a ƙofarta yana tambayarta don me ta yi, cewa ta yi daga cikin ɗaki, "Uwa ce, ɗanta take so. Bar ta."

Haka na girma ina jin haushin unguwa, ina jin haushinta ita ma. Na yi dambe a makaranta saboda ita ba sau ɗaya ba, in dawo gida da yagaggen hijabi, ta karɓa ta ɗinke min da kyau, ta wanke, ta goge, ta ajiye a kan kujera in ɗauka. Ko sau ɗaya ba ta miƙo min hannu da hannu ba.

Na yi aure a Akinyele, mijina yana harkar albasa a Kasuwar Bodija. Da cikina na fari ya tsufa na dawo gida wanka kamar yadda aka saba. Na haifi mace. A lokacin Iya ta tsufa ƙwarai, amma ita ta karɓe aikin wuta. Tun da sassafe za ta hura itace, ta dafa ruwa da ganye a babbar tukunya, ta dama kunun kanwa, ta wanke zannuwan jaririya ta shanya a jere kamar kayan kanti. Duk abin da ya shafi yarinyar ta yi, banda yarinyar. Wankanta kuwa, wanda aikin kaka ne a ko'ina, sai da aka ɗauko wata tsohuwa daga bayan masallaci ana biyanta. Iya tana tsaye daga gefe, hannu a baya, tana cewa, "Ɗaga hammatar. Juya ta."

Tun ranar suna na ƙudura a raina cewa ba zan koma ɗakina ba sai Iya ta ɗauki 'yata. Ban san me ya sa abin ya tsaya min haka ba. Wataƙila don ni ba a ɗauke ni ba.

Wata rana da hantsi gidan ya yi shiru, kowa ya fita. Ina zaune a tabarma ina shafa wa yarinyar mai, Iya na kan kujerarta 'yar tsugunno can nesa, idonta a kan cinyar jaririyar inda akwai wani ɗan wuri da ya fi sauran jikin haske. Tun jiya take kallon wurin. Abin ya ishe ni, na ce, "Iya, wai me kike nema a jikin yaran mutane? Kin san abin da ake ce miki. Ni na gaji da rantsuwa a kanki ban san a kan me nake rantsuwa ba."

Ta sake duban cinyar yarinyar. Sannan ta ce, "Tsunkule ta a wurin nan."

"In tsunkuli jaririya?"

"Kaɗan. Don Allah."

Na ɗan matsa wurin da farce. Yarinyar ta callara kuka. Iya ta sauke wata ajiyar zuciya, ta ce, "Alhamdulillahi, ta ji." Sai na ga kafaɗunta sun sauko, kamar wadda ta sauke tulu.

A ranar ta ba ni labarin, a hankali, tana kallon ƙasa. Uwarta kuturwa ce. A can Arewa, a wani sansani da Turawan mishan suka yi wa masu cutar, nan aka haife ta. Dokar wurin ita ce duk jaririn da aka haifa a raba shi da uwarsa tun kafin ya sha nono, a kai shi ɗaya ɓangaren, gidan yara, inda akwai makaranta da ɗakin kwana da coci. Suka sa mata wani suna, wanda ta ƙi faɗa min. Suka koya mata karatu da ɗinki da wanke hannu da jan sabulu. Ta ce ba su bar su da yunwa ba, kuma ta yarda a ganinsu ceton yaran suke yi. Abin da suka fi koya musu shi ne taɓawa ce ke kashe mutum.

Ranar Lahadi bayan an fito coci ake kai su ganin iyaye. Shingen waya biyu ne, da fili a tsakani. Yara su jeru a wannan gefe, hannu a baya, wanda ya saki hannunsa ya sha bulala kuma ba shi ba zuwa mako mai zuwa. Iyaye mata su jeru a can. Ta ce uwarta takan naɗe hannuwanta cikin mayafi don kada ta gani. Ba sa wata magana mai yawa, hayaniya ta yi yawa. Sai kallo. Uwar takan ce, "Juya in ga bayanki," ta juya. Waƙar da take gunguni kuwa ta cocin ce, ita suke rerawa a hanyar zuwa shingen. Ta ce ta bar addininsu tun kafin ta yi aure, ta yi sallah shekarun da ba ta san iyakarsu ba, amma waƙar ta ƙi fita.

Lokaci-lokaci a kan tuɓe su a rana, wata sista ta duba jikinsu ko tabo ya fito. In an ga tabo sai a ɗaure wa yaro ido, a shafa masa auduga a wurin, a ce ya nuna inda aka taɓa. Sannan a ɗan soka masa allura. Wanda bai ji ba, ya kamu. Shi ke nan sai a haɗa masa kayansa a tsallakar da shi ɗaya ɓangaren.

"Wajen uwarsa," na ce.

"Wajen uwarsa," in ji Iya. "Akwai wata 'yar ɗakinmu da aka tsallakar. Lahadin da ta biyo muka hango ta a can, a kan cinyar uwarta, ana yi mata kitso. Sista tana cewa mu yi mata addu'a. Mu kuwa kamar mu mutu don hassada."

Ta miƙo damtsenta na hagu, ta nuna min tabon da muke ce wa ƙunar girki. Ita ta yi wa kanta. Toka da kanwa ta riƙa gogawa a ɓoye, kullum, har fatar ta saɓule ta warke da fari. Ta yi ta gwada kanta da tsinke, tana koyon yadda za ta daure. Ranar dubawa aka ga tabon, aka ɗaure mata ido. Aka shafa auduga, ta yi shiru. Aka sake, ta yi shiru. Ta ce har ta fara jin ƙamshin hayaƙin girkin ɗaya ɓangaren a hancinta. Sai aka soka allurar.

"Na zabura," ta ce. "Kaɗan ne fa. Amma ta gani. Ta kwance min ido tana dariya, ta ce in gode wa Allah lafiyata ƙalau. Har alewa ta ba ni."

Daminar da ta biyo baya uwarta ta daina zuwa shinge. Iya ta yi ta shiga layi tana duba fuskoki. Sai daga baya wata mai shara ta faɗa mata an riga an binne ta.

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Na ce, "Iya, ai yanzu akwai magani, kyauta ma ake bayarwa. Ba gadon cutar ake yi ba. Ke ko kamuwa ba ki taɓa yi ba."

"Na sani," ta ce. "Ai na yi boko. Kaina ya sani, hannun ne bai sani ba."

Na ce to bari in fita in faɗa wa duk Sabo, tun daga bakin masallaci har layin 'yan canji, su san wadda suka sa ta tsallaka yaro. Nan ta ɗago ta dube ni, ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ce, "Kul. Mayya ni kaɗai ce, ubanki bai sha nonona ba. 'Yar kutare kuwa ku duka ne. Kina da ƙanne mata a gida. Wa zai zo binciken aure ya ji wannan ya dawo?" Gaskiyarta ce, na san mutanenmu. Ko Baba bai sani ba. Kakanmu kaɗai ya sani, ya tafi da shi kabari.

Duk da haka ban haƙura ba, taurin kaina ya fi ƙarfina. Ranar da zan koma ɗakina, an gama ɗaure kaya, mota na jira a waje, Iya na zaune a bakin gadonta. Na shiga kamar zan yi mata sallama, na ɗora mata yarinyar a cinya, na ja da baya. Na zaci in ta ji ɗumin jikinta, hannun zai zo da kansa.

Hannun ya tafi baya. Jikinta ya ɗauki rawa tun daga gwiwa, yarinyar ta fara zamewa, ita kuwa ba ta iya tare ta ba. Idonta a rufe, da wata 'yar ƙaramar murya da ban san ta da ita ba, tana cewa, "Ban taɓa ba. Wallahi ban taɓa ba." Da ƙyar na cafe 'yata kafin ta kai ƙasa. Na tsaya rungume da ita a tsakiyar ɗakin, Iya na ta haki, na rasa wa zan rarrasa a cikinsu. Direba yana ta danna hon. Haka na tafi.

Ban sake gwadawa ba. Nakan kawo yarinyar duk Juma'a, in zaunar da ita a tabarma, Iya ta kalle ta daga kujera ta ce in juya ta, in juya ta. Na daina jin haushin kallon. Na gane iyakar abin da aka bar mata ke nan, kuma da shi uwarta ta so ta.

Ciwon ajalin Iya ya zo lokacin da yarinyar ta fara tafiya. Wata Juma'a da rana muka same ta kwance rigingine, ta rame, idonta a rufe, hannuwanta biyu a ƙarƙashin bayanta, ta danne su da jikinta. Na zauna a ƙasa ina fifita ta. Hankalina ya ɗan tafi wajen Mama da ke min magana daga tsakar gida, ina juyowa sai na ga 'yata ta dafa gado ta miƙe, ta kai hannu ta ɗora a kan fuskar Iya. Na yunƙura zan janye ta, sai na tsaya.

Yarinyar ta shafa kumatun, ta ja leɓen, ta tura yatsa a kunne, ta sauko kan damtsen tana bubbuga tabon da tafin hannunta mai danƙon alewa. Har farce ta sa. Na san Iya ba barci take ba, don numfashin mai barci daban yake, kuma ina ganin ruwa yana gangarowa daga gefen idonta zuwa cikin kunne. Amma ko gashin idonta bai motsa ba. Ta yi kamar ba ta ji ba, har yarinyar ta gaji don kanta ta sauka.

Wannan karon ta iya, ba ta zabura ba. Ba ta kai wata Juma'ar ba.